Gwajin PSA ko jiran alamu: wace hanya ta dace da magidancin da ba ya jin ciwo?

Galibi tambayar takan fito ne daga bakin magidanci mai shekara hamsin da ƴan kai, lafiyarsa ƙalau, fitsari na fita yadda ya saba. Ko dai an yi jana'izar wani abokin fadarsu aka ce sankarar furostat, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ce ta ci masa ƙashi, ko kuma ɗansa da ke Abijan ya aiko kuɗi ya ce a yi wa Baba bilan, wato binciken lafiya. Sai ya zo wurin majo a CSI, ko wurin likitan unguwa a Yamai ko Tawa, ya ce a auna masa PSA, wato sinadarin furostat da ake dubawa a jini. Rubuta takardar gwaji ba ta ɗaukar minti ɗaya. Abin da ke biyo bayanta shi ne mai nauyi, kuma shi ya kamata a auna tun kafin a ɗaure hannu a soka allura.

Da farko a ware waɗanda maganar zaɓi ba ta shafa ba. Wanda fitsari ke tsaya masa, ko yake tashi sau huɗu sau biyar cikin dare, ko yake ganin jini a fitsari ko a maniyyi, ko yake fama da ciwon baya da ƙugu da ba ya lafawa ko yana kwance, musamman in ya haɗa da rama, wannan mara lafiya ne. A duba shi da yatsa, a auna PSA, a auna fitsari da aikin ƙoda. In ƙafafu sun fara mutuwa ko ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, a tura shi babban asibiti a ranar, don ƙari na iya danne lakar baya, kuma kwana biyu na jinkiri na iya barin mutum a kwance har ƙarshen ransa. Jini a fitsari kuwa, ga wanda ya tashi a bakin kogin Kwara ko kusa da tabki, a tuna da tsargiya da ƙarin mafitsara kafin a ɗora wa furostat laifi.

Ga mai lafiya, hanyoyi uku ne: a bar shi har sai alama ta bayyana, a auna kowa kowace shekara, ko a auna wasu bisa shekaru da haɗari bayan an zauna an yi magana.

Hanya ta farko: a jira alamu

Ita ce kusan kowa ke bi a Nijar, ba don an zaɓe ta ba. Rauninta yana cikin yadda gaɓar take. Furostat ƙulli ne mai girman goro, nauyinsa kusan giram 20 ga saurayi, yana ƙarƙashin mafitsara, bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarsa. Kumburin tsufa, wanda ba sankara ba ne, daga tsakiya yake tasowa, shi ya sa yake matse bututu da wuri ya hana mutum barci. Sankara kuwa, kusan kashi 70 cikin 100 daga gefen baya take farawa, nesa da bututu. Tana iya shekaru tana girma fitsari na fita lafiya. Sau da yawa alamarta ta farko ciwon ƙashi ce, kuma a lokacin ta riga ta bar furostat. Likitocin mafitsara a Afirka ta Yamma sun saba ganin marasa lafiya da PSA ɗari ɗaya, ɗari biyar, har sama da dubu a zuwansu na farko.

A wannan mataki ba a maganar warkewa, sai dai rage gudu. Tun 1941 Charles Huggins ya nuna cewa wannan sankara da sinadarin maza take rayuwa, in an yanke mata shi sai ta lafa. Ana yin hakan da allura kowane wata ɗaya, uku ko shida, irin su goserelin da triptorelin, ko da ƙaramar tiyata a maraina, wadda ake yi sau ɗaya kuma ta fi allura arha nesa ba kusa ba. Ciwon ƙashi kan sauka cikin kwanaki ko makonni, amma bayan ƴan shekaru cutar kan koyi girma ba tare da sinadarin ba.

Duk da haka wannan hanya tana da abin da take tsare wa mutum, kuma ba ƙarami ba ne. Binciken gawarwakin tsofaffi da suka rasu da wasu cututtuka ya nuna da yawansu suna ɗauke da ƙaramar sankara a furostat da ba ta taɓa damunsu ba. Wanda bai yi gwaji ba, ba za a gano masa irin wannan ba, ba za a yi masa tiyatar da ba ya buƙata ba, ba zai sayar da gona ko garke don ita ba.

Hanya ta biyu: a auna kowa

Ita ce ake gani a ranakun wayar da kai, inda ake jera maza a ɗebi jini, kowa ya tafi da takardarsa. Ana cewa rigakafi ya fi magani, kuma gaskiya ne, sai dai PSA ba ya hana sankara kamuwa, ganowa kawai yake yi. Ko ganowar ma ba kai tsaye ba. Sinadari ne da furostat ke fitarwa, lafiyayye da mai ciwo. Kumburin tsufa na ɗaga shi, ciwon sanyin fitsari na ɗaga shi, robar fitsari na ɗaga shi. Cikin maza huɗu da PSA ɗinsu ke tsakanin 4 da 10, kusan uku in an yanko tsoka ba a samun sankara. Ta ɗaya ɓangaren kuma, wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2004 ya sami sankara ga kusan kashi 15 cikin 100 na mazan da PSA ɗinsu bai wuce 4 ba, kodayake mafi yawanta mai sanyin gudu ce.

To yana ceton rai? Yana ceto, amma a ji adadin. Binciken Turai da ake kira ERSPC ya bi maza kusan 162,000 masu shekara 55 zuwa 69. Bayan shekara 16, mutuwa daga wannan sankara ta ragu da kusan kashi 20 cikin 100 ga waɗanda aka riƙa gayyata gwaji. In aka mayar da shi lissafin kai-da-kai, sai an gayyaci maza 570, an gano cutar ga ƙarin mutum 18, kafin a hana mutuwa ɗaya. Binciken Amurka mai suna PLCO bai ga bambanci ba, amma mafi yawan waɗanda aka ce kada a auna su sun je sun auna da kansu, don haka ba a dogara da shi sosai. Na Ingila, CAP, ya gwada gayyata sau ɗaya tak ga maza fiye da 400,000: bayan shekara 15 mutuwar ta kasance kashi 0.69 cikin 100 ga waɗanda aka gayyata, 0.78 ga sauran. Ma'ana gwaji guda da ba a maimaita ba amfaninsa kaɗan ne ƙwarai, kuma irinsa ne ake yi a ranar gangami.

Sauran mutum 17 ɗin fa? Su ne farashin. Kwamitin rigakafi na Amurka ya ƙiyasta cewa kashi 20 zuwa 50 cikin 100 na sankarar da gwaji ke ganowa ba za ta taɓa cutar da mai ita ba. In aka cire furostat, kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan zauna da yoyon fitsari mai buƙatar ƙunzugu, biyu cikin uku kuma sukan rasa ƙarfin gaba na dogon lokaci. A gidan da ke da mata biyu ko uku, ga mutumin da ke son sahun gaba a masallaci, waɗannan ba ƙananan maganganu ba ne. Malamai sun yi sassauci kan alwalar mai yoyon fitsari, amma sassaucin ba ya ɗauke masa damuwar jiƙewar wando cikin jama'a. Likitan da ya ji nauyin faɗin wannan tun farko bai kyauta wa mara lafiyarsa ba.

Saboda wannan lissafi ne kwamitin na Amurka ya ce a 2012 a daina gwajin gaba ɗaya, sannan a 2018 ya sassauta: daga 55 zuwa 69 kowa ya yanke shawara da likitansa, daga 70 a bari. Hukumar lafiya ta Faransa ita ma ba ta amince da auna jama'a baki ɗaya ba, duk da cewa ƙungiyar likitocin mafitsara ta ƙasar na goyon bayan ganowa da wuri ga ɗaiɗaikun mutane.

Hanya ta uku: a zaɓi wanda za a auna, da lokacin

Wannan ce ta fi dacewa, amma da sharaɗi. Alƙaluman da ke sama kusan duk daga Turawa aka samo su, a ƙasashen da asibiti ke kusa. Abubuwa biyu ne ke jan su ta fuskoki mabambanta idan an kawo su Nijar.

Na farko yana ƙara wa gwaji daraja. A Ingila, baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai kamu da sankarar furostat a rayuwarsa, Bature ɗaya cikin takwas. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya kamu, haɗarinsa ya ninka kusan biyu, ya fi haka in sun kamu kafin shekara 60. Sankarar nono ko ta ƙwan mace ga uwa ko ƴan'uwa mata ita ma abin tambaya ce, don akwai gadon da ke haɗa su, wanda ake kira BRCA2. Shi ya sa likitocin mafitsara na Turai suka sa shekara 50 ga kowa, amma 45 ga mai asalin Afirka ko mai tarihin cutar a gida. In aka bi wannan, kowane magidanci a Tawa ya kai lokacin a yi masa maganar tun yana 45.

Na biyu yana rage masa daraja. Amfanin gwaji ba ya bayyana sai bayan shekara 10 zuwa 15, illarsa kuwa a shekarar farko take zuwa. Mai hawan jini da ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon suga da ƙodarsa ta fara gazawa, mai ciwon zuciya da ba ya iya zuwa masallacin unguwa sai ya huta a hanya, ba furostat ne barazanarsu ba. Ba a duba shekarun kati kawai: dattijo mai 68 da ke noma gonarsa ya fi cancantar gwaji a kan mai 58 da ke kwance. Bayan haka akwai tambayar da ba a cika samu a littattafan Turai ba: in sakamako ya fito sama, za a iya bin sa har ƙarshe? Daga Tawa zuwa Yamai ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso tafiyar kilomita ɗari biyar da wani abu ce. Ganin likitan mafitsara, yankan tsoka, jiran sakamakon ɗakin binciken tsoka, komawa, duka kuɗi ne da kwanaki. Gashin sankara da haske ya samu a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa a Yamai tun 2021, da tallafin hukumar nukiliya ta duniya, amma gashin furostat zama 20 ne cikin mako huɗu, ko kusan 39 cikin mako takwas, kowace ranar aiki. Sai mutum ya sami masauki da mai jinya. Wanda aka gaya wa PSA ɗinsa 7 ne, kuma ba shi da halin mataki na gaba, an ƙara masa fargaba ne kawai.

Yadda maganar za ta kasance a ɗakin duba marasa lafiya ba ta buƙatar dogon turanci. Misali: "Alhaji, wannan awo ba ya cewa kana da ciwo ko ba ka da shi, yana nuna ko akwai dalilin ƙara bincike ne. In ya hau, za mu maimaita. In ya sake hawa, sai Yamai, wataƙila a yanki ƴar tsoka. Akwai waɗanda yake ceton ransu, akwai waɗanda yake kai su ga tiyatar da ke taɓa fitsari da kwanciyar iyali. Ka yi shawara da gida, ka dawo." Wanda ya ji wannan ya ce a bari, bai yi kuskure ba. Wanda ya ce a auna, shi ma haka.

In an zaɓi aunawa, inda ake yawan ɓata sakamako

Ba sai an zo da yunwa ba. Amma a ƙaurace wa iyali kwana biyu kafin ɗibar jini, a bar doguwar tafiya a keke da aikin ƙarfi na kwana biyun. In akwai zafin fitsari ko zazzaɓi da ciwon mara, a yi magani a jira mako shida. Haka in an sa robar fitsari kwanan nan ko fitsari ya tsaya: awon da aka yi a daren da aka kawo mutum mafitsara cike ba abin dogaro ba ne. A tambayi magungunan da yake sha a duba kwalinsu da ido. Finasteride da dutasteride, da ake bayarwa don kumburin tsufa, suna rage PSA da rabi bayan wata shida zuwa shekara, don haka 3 a takardar mai shan su daidai yake da 6.

Jinin kansa yana buƙatar kulawa. A tace shi cikin ƴan awoyi a sa a sanyi. Kwalbar da ta yini a akwatin babur cikin zafin watan Afrilu ba za ta ba da adadin gaskiya ba, musamman ɓangaren da ake kira PSA mai ƴanci, wanda ke saurin lalacewa. A riƙa komawa ɗakin gwaji ɗaya, don na'urori biyu na iya bambanta da kusan kashi 20 cikin 100 a jini guda. Wasu takardu na rubuta ng/ml, wasu µg/l, adadin ɗaya ne.

Karatun sakamako kuwa kamar haka yake. Ƙasa da 1 ga ɗan 45 zuwa 50, ko ƙasa da 2 ga ɗan 60, haɗari kaɗan ne, ana iya ɗaukar shekaru da yawa kafin a sake, har takwas a shawarar likitocin Turai. Sama da haka amma ƙasa da 3, a sake bayan shekara biyu. Maimaitawa kowace shekara ga kowa ɓarnar kuɗi ce da ƙarin sakamakon ƙarya. Daga 3 ko 4 zuwa 10, kada a tura kowa ko'ina tukuna: a sake bayan mako huɗu zuwa shida, don wani kaso mai yawa kan sauko da kansa. Kada a rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta don a "sauke" PSA in babu alamar ciwon sanyi. Ba ya raba gardama, yana dai haifar da ƙwayoyin da ba sa jin magani, waɗanda za su zama matsala ranar yankan tsoka.

In ya tsaya sama, akwai lissafi mai arha da ke taimakawa. A yi ekografi a auna tsawo da faɗi da kaurin furostat da santimita, a ninka su, a ninka da 0.52, a sami girmansa. Sai a raba PSA da girman. Mai PSA 6 da furostat 70 ya sami 0.09, wanda ya fi kama da kumburin tsufa. Mai PSA 6 da furostat 30 ya sami 0.20, ya haura iyakar 0.15, a tura shi. PSA mai ƴanci ƙasa da kashi 10 cikin 100 na jimillar PSA yana ƙara zargi, sama da 25 yana rage shi. Sama da 10 da aka tabbatar, a tura ba tare da wannan lissafi ba. Sama da 20, a gaggauta.

Duban yatsa ta dubura fa? Shi kaɗai, ga mai lafiya, gwaji ne mai rauni: yatsa bayan furostat kawai yake taɓawa, kuma ƙaramin ƙari ba ya jiyuwa. Tsoronsa ma na hana maza da yawa zuwa, don haka bai kamata a mai da shi sharaɗin auna jini ba. Amma in PSA ya hau, ko akwai alamu, ko kuma a ƙauyen da babu ɗakin gwaji, wajibi ne. Tauri irin na dutse, ƙulli, ko gefe ɗaya da ya fi ɗaya, dalili ne na turawa ko da PSA ya yi ƙasa. Safar hannu, man shafawa, labule, da bayani kafin a fara.

Bayan turawa

Inda ake da IRM, wato na'urar hoton cikin jiki mai maganaɗisu, da mai karanta ta da ya ƙware, yin ta kafin yankan tsoka ya fi: bincike biyu na 2017 da 2018 sun nuna tana kuɓutar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu daga yankan, tana kuma ƙara gano mai haɗari. Ana ba ta maki 1 zuwa 5, kuma 4 da 5 ne suka fi buƙatar yankan tsoka. Inda babu, ana ɗibar tsoka wuri 12 da jagorar ekografi. Jini a fitsari na ƴan kwanaki da a maniyyi na ƴan makonni ba abin tsoro ba ne. Zazzaɓi da rawar ɗari cikin kwana uku kuwa gaggawa ce, yakan sami mutum ɗaya zuwa uku cikin ɗari in ta dubura aka bi. Kada a ɗauka masassarar cizon sauro ce a sha magani a gida, kuma kada a kama hanyar Tawa a washegari.

Sakamakon tsoka shi ke canza lissafin duka. Makin Gleason ne ke nuna tsananin sankarar. Gleason 6, wato rukuni na 1 cikin 5, kusan ba ya yaɗuwa, kuma ba dole ne a taɓa shi ba. Binciken ProtecT na Ingila ya raba maza 1,643 gida uku: tiyata, gashi, da sa ido. Bayan shekara 15, kusan kashi 97 cikin 100 ba su mutu da cutar ba a kowane gida. Bambancin da aka gani a yaɗuwa ne, kusan kashi 9 ga masu sa ido, kusan 5 ga sauran. Wato gano sankara ba ya nufin a yi tiyata mako mai zuwa, kuma wannan ne ke rage mafi yawan illar gwaji.

Sai dai sa ido aiki ne mai ƙa'ida: PSA kowane wata shida, duban yatsa kowace shekara, sake yankan tsoka cikin shekara ɗaya ko biyu. A yankin Adar, inda maza da yawa ke tafiya cin rani Libiya ko Kwaddibuwa su yi shekara biyu ba su dawo ba, dole a tambayi mutum ko zai samu zama. Wanda zai ɓace bayan awo na biyu ba sa ido ake masa ba, kuma likitan mafitsara na iya ba shi shawarar magani tun yanzu saboda wannan dalili kaɗai.

Kowace hanya aka bi, a rubuta ta a karnen mara lafiya, wato ɗan littafinsa na asibiti, ba a rajistar asibiti kaɗai ba, don majo na iya canzawa kafin lokacin awo na gaba: ranar da aka yi maganar, abin da ya zaɓa, adadin PSA da ɗakin gwajin da ya auna, magungunan da yake sha a lokacin, tarihin cutar a gidansu, da watan da zai dawo. In ya zaɓi a bari, a rubuta masa alamun da za su sa ya dawo ba tare da jira ba, a kuma sake tayar da maganar bayan shekara biyu.